Hannun Daman Muradif

Muradif mugu ne, kuma kada wani ya ce in sassauta don yana ƙarƙashin ƙasa. Na san shi tun muna yara a ƙauyenmu na bakin kogin Drina, kuma a shekarunsa na ƙarshe gadona da nasa suna jere a ɗakin wankin ƙoda, babu abin da ya raba mu sai injinan da ke tace mana jini. Ni Devleta, wadda ya fi zagi a duniya in ka cire matarsa, ni ce zan faɗi yadda ya rayu da yadda ya tafi.

Tun yana saurayi hannunsa yake riga bakinsa magana. A bikin ƙanwata ya cije kunnen makaɗi don ya ƙi maimaita masa waƙar da yake so, ya tofar da guntun a tiren nama. Ya karya wa wansa muƙamuƙi da ƙotar gatari a kan iyakar gona, har bawan Allahn nan ya mutu miya kawai yake iya sha. 'Yan sanda sun sha ɗaukarsa, ya dawo ya fi da. Matarsa Zumreta kuwa, ina nan ranar da aka kawo ta daga ƙauyukan kan dutse, doguwa, mai dariyar da ake ji tun daga bakin rijiya. Kafin ta yaye 'yarta ta fari kunnenta na hagu ya daina ji, yatsunta biyu sun warke a karkace. Mijina Salko ya taɓa tsallaka shingen da ke tsakanin gidajenmu don ya raba su wata rana da yake dukanta, ya dawo da haƙoransa a tafin hannu. 'Ya'yan Zumreta mata suna yin aure suka wuce Jamus, ko waya ba sa yi sai da salla.

Abu ɗaya ne ban taɓa ganin ya ɗaga wa sanda ba, wato bijiminsa na karo. Ya yi kiwonsu da yawa, amma na ƙarshen, Garonya, shi ne ya shiga ransa. Baƙi wuluk, wuya kamar kututture. Ƙwai da zuma da niƙaƙƙiyar masara yake ba shi, ya goge masa jiki da tsumma, ya yi masa raɗa a kunne da muryar da matarsa ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Masu bijiman karo a wajenmu ba sa riƙe igiya da yatsu. Naɗe ta suke yi a sangalin hannu, ta zagaya ta zagaya, don dabba ta ji nauyin mai ita duka. Kuma suna da dokarsu da ba a rubuta ba: duk bijimin da ya juya ƙaho ya taɓa mutum, ya bar fage ke nan, mahauci ne zai zo masa kafin mako ya fita. Ko na wane ne, ba a roƙo.

Sai ciwon ya zo masa. Ciwon ƙodar nan na ƙauyukan bakin kogi gida-gida yake bi. Ya ɗauki uwarsa, ya ɗauki Salko, ya kama ni, sannan ya kama shi. Ƙoda ta tsaya, fitsari ya ɗauke, sai inji. Inji kuwa yana son babbar hanyar jini da za a riƙa soka allurai, don haka likitoci ke haɗa jijiyoyi biyu a hannu. An yi wa Muradif a hannun hagu, ya je ya yi dambe a kasuwar shanu, ta mutu. Aka hau sama kusa da gwiwar hannun aka sake, ita ma ta mutu. Jijiyoyin dama kuwa sirara ne, sai aka dasa masa ɗan bututun roba a ƙarƙashin fata, wanda mu muke kira tiyo. Likitarmu, Dakta Gordana, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, ta tsaya a kansa ta faɗa masa a gabanmu.

"Baba Muradif, wannan shi ne na ƙarshe. Babu sauran wurin da za a yanka. Kada ka ɗaura agogo a nan, kada ka kwanta a kansa, kada ka ɗauki kaya da shi. In ya mutu sai bututun wuya."

Duk mun san bututun wuya. Mun ga waɗanda aka sa wa, mun ga yadda zazzaɓi ke bin bututun ya shige musu zuciya, mun kuma je zaman makokinsu.

"Na ji, yarinya," in ji shi. "Sai ki faɗa wa waccan tsohuwar ta daina kallona kamar ta ga gawa."

"Gawar ma ta fi ka kyan gani," na ce.

Kada in ci haƙƙinsa. Wata shekara ƙanƙara ta binne hanya, bas ɗin asibiti ya kafe a gindin tudu, ni kuma ruwa ya cika mini huhu har ba na iya taku. Muradif ya sunkuce ni a baya ya hau tudun nan da ni, yana nishi yana zagina, wai na fi ɗan maraƙi nauyi, wai da ya sani da ya bar ni kerkeci ya huta da yunwa. Ya dire ni a bakin inji, ya juya bai jira godiya ba. Wannan ma shi ne.

Kowane mai tiyo, da ya farka da safe, yatsa yake fara ɗorawa a kai. In yana rawa a ƙarƙashin fata kamar gurnanin kyanwa, to jini na gudu, ka yi hamdala. In ya yi shiru, jini ya daskare a ciki, sai a gwada narkar da gudan da magani kafin ya yi tauri. Magunguna biyu ne ake da su a lokacin, kuma mu da muke kwance rabin yini ba aikin fari ba na baƙi, musu muke yi a kansu kamar yadda maza ke musu a kan bijimai. Na farkon daga wasu ƙwayoyin cuta ake samo shi, muna ce masa Mahaukaci. Yana da ƙarfi, amma jiki ba ya manta shi. In aka sake ba ka, sai jikinka ya tashi faɗa da shi. Na biyun sanyi gare shi, ba ya tayar da jiki, sai dai daga fitsarin mutane ake tace shi. Ostoya, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke gadon ƙarshe, shi ya fi kowa jin daɗin wannan zance.

"Ku duba ikon Allah," yakan ce. "Namu ya ƙafe, an koma yi mana aron na wasu. Maƙwabci, kai wanne ka zaɓa?"

"Ni za a ɗura wa fitsarin wani ƙato?" in ji Muradif. "Sai dai a ɗura wa ubanka. Mahaukaci dai. Namiji sai maganin maza."

Ya kuwa samu abin da ya nema. Tiyon ya taɓa toshewa sau ɗaya a shekararsa ta farko, aka ba shi Mahaukacin, ya buɗe lafiya lau. Bayan wasu watanni ya sake yin nauyi, ya dage sai shi, ya yi ta hargagi har aka gwada masa kaɗan. Wayyo! Jikinsa ya hau karkarwa har gadon na buga bango, leɓɓansa suka kumbura, idanu suka rufe, numfashi ya koma fito. A cikin wannan halin ya fizge ƙarfen da ake rataya ruwa ya maka wa taga, ya kai wa wani nas naushi a ƙirji har ya faɗa kan injina. Maza huɗu suka danne shi kafin allura ta kama. Da ya dawo hayyacinsa Dakta Gordana ta ce shi da Mahaukaci har abada, in an sake sai ɗayan. Ostoya ya yi ta dariya har jininsa ya hau.

Daga nan Muradif ya shiga lallaɓa hannun nan yadda bai taɓa lallaɓa ɗan Adam ba. Ya koyi riƙe igiyar Garonya da hagu. Ko marin Zumreta da hagu ya koma yi, ita ta faɗa mini, ba kuma da wasa ta faɗa ba.

Ranar babban karo na bazara ta faɗo Lahadi, ba mu da wankin ƙoda, sai na bi 'yan ƙauyenmu. Fili ya cika maƙil, ga hayaƙin gasassun raguna, ga masu kiɗa, ga barasa tun hantsi. Aka haɗa Garonya da wani jan bijimi na mutanen ƙetaren dutse. Sun daɗe suna tonon ƙasa suna huci kafin su haɗu, da suka haɗu kuwa ƙarar goshinsu har cikin haƙorana na ji ta. Suka sarƙe ƙaho, wannan ya tura, wancan ya tura, ƙafafu na nutsewa a laka. An daddatse tsinin ƙahonin kamar yadda aka saba, amma duk da haka jan ya tsaga wa Garonya fata a bayan kunne, jini ya wanke masa ido ɗaya. Muradif na bakin igiyar fage yana ihu har muryarsa ta dishe. Can Garonya ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin wuyan jan, ya ɗaga shi, ƙafafun gaba suka bar ƙasa, ya watsar. Jan ya tashi ya ranta a na kare, ya keta taro ya tattake tebura.

Sai dai Garonya bai huce ba. Jini a ido, ihu ta ko'ina, ya shiga zagaya fage yana neman abin da zai tunkuya. Muradif ya tsallaka ya cafko igiyar. Ina kallo da idona, hannun daman nan ya kai, ya naɗe ta a kan tiyon, ya sake naɗewa, kamar yadda ya saba tun kafin gemu ya fito masa. Na ƙwala ihu, "Hannunka, ɗan banza! Hannunka!" Ina! Wa zai ji ni? Bijimin ya fizga, igiyar ta nutse a nama, ya ja shi a ƙasa ya share fage da shi, shi kuwa ya ƙi saki. Da ya miƙe, fuska duk laka, dariya yake yi, jama'a na tafi.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, Zumreta ce ta ba ni labari daga baya. Sun isa gida da la'asar, yana ƙoƙarin shigar da Garonya turkensa, ya kai hannu zai duba raunin bayan kunnen. Dabbar ta kaɗa kai, ta ɗauke shi da gindin ƙaho ta bayan haƙarƙarin hagu, ta haɗa shi da bango. Ya zube. Zumreta na tsaye da bokitin ruwa. Ya daɗe bai iya jan numfashi ba, da ya samu kuwa abin da ya fara yi shi ne ya rarrafo ya damƙi idon sawunta.

"Ba ki ga komai ba. Kin ji ko? In mahauci ya tako gidan nan, ke zan fara yankawa."

Da safe ya ɗora yatsa a tiyo, shiru.

A bas ɗin asibiti ranar Litinin bai zagi kowa ba, a nan na san akwai magana. Zumreta ta biyo shi da ƙullin kayansa. Nas ta soka allura, babu abin da ya fito sai wani baƙin guda. Dakta Gordana ta zo ta ga shatar igiya a hannun, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Ban faɗa maka ba, Baba?"

"Kin faɗa. Kawo fitsarin naku."

"To saurara da kyau, don ba wasa a ciki. Maganin nan bai san gudan da ke cikin tiyo daban, na wani wuri daban ba. Duk inda jini ya daskare ya toshe rauni a jikinka, zai je ya narkar da shi. In ka bugu a kai, ko a ciki, ko a ƙirji, faɗa mini yanzu. In akwai, ba zan ba ka ba. Zan sa maka bututun wuya na ɗan lokaci, in tura ka babban asibitin Tuzla su gwada cire gudan da wuƙa."

"Su gwada? In bai fita ba fa?"

"Sai haƙuri, ka zauna da na wuyan."

"To babu. Igiya ce kawai ta ja ni."

"An ce har ƙasa ka sha."

"Laka ce, yarinya. Laka na kashe mutum?"

Ba ta yarda haka nan ba. Ta sa ya kwanta rigingine, ta ɗage falmaran da rigar, ta haska idanunsa, ta danna cikinsa ko'ina. Gaba fes, sai ƙujewa kaɗan. Tabon yana baya, ya danne shi da nauyinsa. Da ta danna ƙarƙashin haƙarƙarin hagu sai ya bushe da dariya, wai cakulkuli take yi masa, wai ta ji tsoron Allah matarsa na kallo. Ta ce ya juya, ya ce hannun ba zai bar shi ba, ya hau masifa, ya buge mata hannu. Sai ta juya wajen Zumreta, ta matsa ta gefen kunnenta mai ji.

"Iya, ke kike tare da shi. Bayan an dawo gida, ya faɗi? Wani abu ya buge shi? Ransa nake tambayarki."

Zumreta na tsaye a ƙarshen gado, ƙullin kaya a ƙirji. Ta dubi likita, ta dubi mijinta. Shi ma ita yake kallo. Sai ta girgiza kai.

Aka soka siririn bututu a cikin tiyon, aka shiga tura maganin a hankali, nas na murza wurin da yatsa. Ostoya ya leƙo daga gadonsa.

"Maƙwabci, yaya ɗanɗanon? Na soja ne ko na ɗan makaranta?"

"Bari in tashi, tsohon banza, za ka sha naka da cokali."

Wajen azahar tiyon ya motsa. Nas ta yi guɗa, Dakta Gordana ta sa abin sauraro ta yi murmushi, mu duka muka yi ta barka, don in na ɗaya ya tashi kamar na kowa ne ya tashi. Aka haɗa shi da inji, jini ja ya cika bututai yana gudu. Muradif ya ɗaga hannun sama yana nuna mana kamar ya ci wani karon.

Ba a jima ba ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo. Sai ya nemi ruwa, shi da ya san ba a ba mu. Na juya na dube shi, leɓɓansa sun yi fari fat, zufa na tsattsafowa a goshi. Injin ya fara kuka. Dakta Gordana ta rugo ta yaye rigar, cikin ya taso ya yi tauri kamar ganga. Ta sa aka mirgina shi da ƙarfi, sai ga shi, baƙin tabo faɗin faranti, da shatar ƙaho a tsakiya.

"Saifarsa ce ta fashe!" ta ce. "Ku kashe injin! Ku kira mota! Baba, me ya buge ka? Me ya buge ka?"

Ko a nan bai sallama ba. Ya fizge alluran da kansa, jini ya yi tsartuwa daga tiyon har silin, ya fesa mini a fuska da bargo, ga maganin a jikinsa ya hana shi tsayawa. Nas biyu suka danne hannun da tawul, tawul ya jiƙe, suka sake wani. Yana shure-shure, ya harbe tiren allurai, ya cafki wuyan rigar likita da hagu ya jawo ta har goshinsu ya haɗu.

"Daga kan tsani na faɗo," ya ce. "Tsani. Ki rubuta haka."

Suka ɗauke shi a guje, ƙasa duk santsin jini, mai tura gadon har ya zame. Motar ba ta kai rabin hanyar Tuzla ba ya cika.

Na yi kuka, kuma na ji haushin kaina da na yi. Dakta Gordana ta zauna a bakin gadonsa da rigarta jage-jage, ta kasa tashi, har sai da Ostoya ya ce mata, "'Yata, kin tambaya. Duk mun ji kin tambaya." Masu wankan gawa suka ga tabon, zance ya fita, mahauci ya zo wa Garonya kafin a share makoki.

Bayan baƙi sun watse na tsallaka shinge na sami Zumreta a madafa, tana niƙa gahawa da karkatattun yatsun nan nata. Ta ba ni labarin turke da bango da bokitin ruwa, tiryan-tiryan, ba hawaye. Na zauna ta gefen kunnenta mai ji.

"Amma kin ji abin da likita ta ce? Kin gane cewa maganin zai buɗe raunin?"

"Na ji sarai. Ai kusa ta matso."

"Kai, 'yar'uwa, Allah ya isa tsakaninki da shi. Har a gadon asibiti, ga likita, ga mu duka, tsoronsa bai sake ki ba?"

Ta daina niƙan. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da na manta rabon da in ga ta yi wa wani.

"Devleta, tun da aka kawo ni gidan nan nake jin tsoron mutumin nan, safe da yamma. Ranar nan ce kaɗai ban ji ba."

Ta zuba garin a ruwan zafi, ta tambaye ni ko likita ta yarda in sha rabin kofi.